Gwajin Wi-Fi Direct a direbobin Linux: abin da na gani

An ba ni aikin duba ko katunan Wi-Fi na wasu ƙananan kwamfutoci masu Linux za su iya haɗuwa da waya kai tsaye, ba rauta a tsakani. Tsarin shi ne Wi-Fi Direct, wanda ƙungiyar Wi-Fi Alliance ta fara ba na'urori shaidarsa a 2010, amma a Linux P2P za ka ga an rubuta.

Da umarnin iw list na fara. Idan direba, wato manhajar da ke sarrafa katin, ya ce yana iyawa, za ka ga P2P-client (mabiyi) da P2P-GO (shugaban rukuni) a jerin yanayin da yake ɗauka. To, wannan faɗa ce kawai, cikawa daban. Kafin in taɓa kati na gaske sai na ɗora mac80211_hwsim, mai ƙirƙiro rediyoyin bogi a cikin kwamfuta, na tabbatar wpa_supplicant ɗina, manhajar da ke kula da haɗin Wi-Fi, an haɗa shi da CONFIG_P2P, zaɓin da ke kunna P2P. Daga nan duk abin da ya lalace na san ba daga can ba ne. Na kuma dakatar da NetworkManager, mai kula da haɗin sadarwar kwamfutar, don kada mu riƙa ja-in-ja a kan kati ɗaya.

Neman juna bai ba ni wahala ba. Ka buga p2p_find a wpa_cli, inda ake ba wpa_supplicant umarni, na'urori su yi ta zagaya tashoshi 1, 6 da 11 har su yi kiciɓis.

Rigimar tana wajen zaɓen shugaban rukuni. Kowace na'ura tana faɗin lamba daga 0 zuwa 15, mai babbar lamba ya zama shugaba, ya riƙa aiki kamar rauta. Idan dukansu suka ce 15, magana ta watse, kuma haka dokar tsarin take, ba laifin direba ba ne. Wani katin USB da na gwada lafiya lau yake bin waya idan ita ce shugaba, har ta ba shi adireshi daga 192.168.49.1. Da na ba shi go_intent=15, wato lamba mafi girma, sai ga p2p-wlan0-0, mahaɗin sabon rukunin, ya bayyana, sunan rukuni mai farawa da DIRECT- ya fito, wayar ta tsaya tana juyi har ta haƙura. Wani ɓangare na matsalar ba nasa ba ne: wpa_supplicant ba ya raba adireshi ta DHCP, tsarin ba na'urori adireshi kai tsaye, sai ka tayar da dnsmasq, mai yin wannan aikin, da kanka. Na tayar, suka haɗu, amma ana fara tura babban fayil sai ya yanke, dmesg, mai nuna saƙonnin Linux, ya nuna katin ya sake tashi. Wanda ya tsaya a ping kaɗai, ɗan gwajin ko na'urori suna jin juna, da ya rubuta cewa komai daidai.

Layin da yanzu nake fara karantawa a sakamakon iw list shi ne na valid interface combinations, mai nuna yanayin da katin zai iya haɗawa lokaci guda. Inda aka rubuta #channels <= 1, katin ba zai zauna a tashoshi biyu lokaci guda ba. In yana manne da rautar ofis a tasha 36 ta 5 GHz, dole rukunin ya zauna can, wayar da 2.4 GHz kawai take ji kuwa ba ta da hanyar shiga. Saboda haka kowane kati ina gwada shi yana shugaba, yana mabiyi, da rauta da babu, sannan in kashe wayar ana tsakiyar tura fayil in ga ko direban zai share rukunin ko sai an zare katin an mayar.