Darasin da Na Koya Wajen Ɗaukar Murya a Kwamfuta

Ranar da na fara ɗaukar karatun wani malami a unguwar Ƙofar Soro, nan cikin birnin Katsina, na koma gida da murna, amma da na saurara sai na ji muryarsa tana fashewa duk inda ya ɗaga ta. Abin ya dame ni ƙwarai, domin karatu ne da ba za a maimaita ba.

Kuskurena shi ne na buɗe ƙarfin makirufo fiye da kima. Sauti a kwamfuta yana da iyakar da ba ya ƙetarewa, wato 0 dB (dB shi ne awon ƙarfin sauti) a ma'aunin da ke motsi cikin Audacity, manhajar da nake ɗaukar murya da ita, kuma duk abin da ya yi ƙoƙarin wuce wurin ana gutsure masa kai ne, babu kuma gyaran da zai dawo da shi yadda yake. Yanzu kafin a fara nakan ce, "Allah gafarta Malam, a ɗan ɗaga murya mu gwada," sannan in daidaita ma'aunin ya riƙa yawo ƙasa da iyakar, wajen -12 dB, kada ya haura -6. Idan ɗaukar ta yi ƙasa kaɗan, ƙara mata ƙarfi daga baya abu ne mai sauƙi, musamman in an ɗauka a bit 24, wani saitin ingancin sauti a manhajar.

Makirufo nakan ajiye shi kamar tsawon tafin hannu daga baki, a ɗan karkace, saboda iskar numfashi.

Akwai kuma wani gunji siriri da wutar lantarkinmu mai 50 Hz take shigarwa ta caja, shi ya sa nake zare cajar in yi aiki da batir, in kuma kashe fanka ko da ana tsananin zafin bazara.