Daɓen Katakon Oak a Ƙasar Sakkwato: Abin da Nake Gaya wa Masu Gida

Sana'ata daɓe ce. Ƙaramin kamfani gare ni a nan Sakkwato, da kafintoci da yaran aiki 'yan kaɗan, kuma mafi yawan abin da ke ciyar da mu tayil ne da tarazo. Daɓen katako aiki ne na jefi-jefi, amma shi ya fi cin tunani, domin masu neman sa galibi sun gano shi ne a otal a Abuja ko Dubai, ko a hoton waya, sai su zo da sunan oak a baki suna tambayar ja ya fi ko fari. Tambayar tana da amsa, zan kuma ba da ita. Sai dai a garin nan ba ita ce ke raba daɓe mai ƙarko da na asara ba.

Oak ba itacen ƙasarmu ba ne. Wanda ake kira ja da wanda ake kira fari duka na Amurka ne da Kanada, akwai kuma na Turai, irin na Faransa da Jamus da Foland, wanda halinsa ya fi kusa da farin. Sunan yana ruɗin mutane, don jan ba ja wur ba ne, ɗan shigen ruwan hoda ne, farin kuma ruwan ƙasa-ƙasa ne mai haske. A ma'aunin tauri na Janka jan yana da 1,290, farin 1,360. Ratar ba ta taka kara ta karya ba, takalmi mai tsini zai lotsa kowannensu.

Inda suka rabu da gaske a cikin jikin itacen ne. Ina ajiye guntaye biyu a shago, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba, don nuna wa mai saye. In ka tsoma kan guntun jan a kofin ruwa ka hura ɗaya kan da baki, za ka ga kumfa na tasowa, saboda ƙananan hujojinsa a buɗe suke daga wannan kai zuwa wancan. Yi wa farin haka, ko kumatunka za su fashe babu abin da zai fito, Allah ya toshe hujojin zuciyarsa. Shi ya sa tun da can Turawa da farin suke ƙera jiragen ruwa da gangunan ajiye ruwan inabi. A gidan Bahaushe, inda buta ke yawo sau biyar a yini, ga yara, ga mofa da safe, wannan kaɗai ya isa na tura mutum wajen farin ko na Turai. Jan ya fi sauƙin kuɗi a inda ake sare shi, amma kafin kaya ya sauka tashar Apapa a biya kwastan a ɗora wa mota zuwa Sakkwato, sauƙin ya narke.

Babbar maganar ita ce iska. Katako ko an sare shi an busar bai daina shan danshi yana fitarwa ba, in ya sha ya kumbura ta faɗinsa, in ya fitar ya tsuke. Masana'antun Amurka kan busar da katakon daɓe har danshin cikinsa ya koma kashi 6 zuwa 9 cikin ɗari, kuma yawancin masu yin sa suna rubuta a takardar garanti cewa laimar iskar ɗaki ta tsaya wajen kashi 35 zuwa 60. To mu nan, tsakiyar hunturu laimar iska kan faɗi ƙasa da kashi 20, a watan Agusta kuwa ta haura 60 har 70. A busasshiyar iskar hunturu katako kan koma kashi 4 zuwa 5, a damina ya doshi 12 ko 13. Kowace shekara sai ya yi wannan tafiya ya dawo. Oak tsagar talakawa, wato wanda aka tsaga gungumensa falle-falle kai tsaye yadda aka saba, yana motsa kusan milimita 3 da rabi a kowace mita ɗaya ta faɗi duk lokacin da danshinsa ya canza da kashi ɗaya. Ka lissafa: falle mai faɗin milimita 150, in danshi ya sauka da kashi 6, zai tsuke da sama da milimita 3. Falle ɗaya ke nan, kuma ɗaki yana da gommai.

Akwai wani gida wajen Mabera da aka kira mu mu duba, ba mu muka shimfiɗa ba. Tsantsar oak ne mai faɗi, kyakkyawa, an saye shi daga wani sito a Legas aka buga shi cikin damina kai tsaye daga mota. Da muka je a watan Fabrairu, na zaro katin ATM na zura tsakanin fallaye biyu, ya shige har rabinsa ba tare da na danna ba. Ƙurar hunturu ta cika ramukan ta yi layi-layi fari. Maigidan ya ce, "Malam, wanga katako dai jabu aka sayar min." Na ce, "Ranka shi daɗe, katakonka na gaske ne. Iskar Legas ya sha ya ƙoshi, ya zo nan ya amayar." Abin ya dame ni ƙwarai, don kuɗin da aka zuba wurin ya isa gina ɗaki, kuma da an jinginar da kayan a cikin gidan an auna shi kafin a buga, da ɓarnar ba ta kai haka ba.

Saboda haka tambayar da nake fara yi ita ce tsantsa ko mai hawa-hawa. Tsantsa katako ɗaya ne daga sama har ƙasa, kaurinsa milimita 18 zuwa 20. Mai hawa-hawa kuwa oak ne na gaskiya a fuska, milimita 2 zuwa 6, an manna shi a kan filawud wanda aka gicciya zarensa, kowane hawa yana riƙe ɗan'uwansa kada ya motsa. Mutanenmu da sun ji filawud sai su ɓata rai, suna ganin an rage musu daraja. Ni kuwa a Sakkwato shi nake zaɓa wa mutum ido rufe. Motsinsa kaɗan ne, kuma ana iya manna shi da gam kai tsaye a kan siminti, wanda shi ne ƙasan kowane gida a nan. Tsantsa yana son a fara shimfiɗa masa katako a ƙasa a buga shi da ƙusa, ƙarin kuɗi da ƙarin abincin gara. Abin dubawa a mai hawa-hawa kaurin fuskar ne: milimita 4 za ta ɗauki gogewar inji sau biyu ko uku a rayuwarta, milimita 2 kuwa da ƙyar sau ɗaya. Ban kuma ɓoye wa kowa cewa shi ma in bushewar ta yi tsanani fuskarsa kan yi 'yan tsage-tsage sirara, musamman a ɗakin da esi ke aiki dare da rana, don esi ƙara busar da iska yake yi.

Wanda ya kafe sai tsantsa, sharaɗina biyu ne. Fallen ya zama siriri, milimita 60 zuwa 90, don a raba motsin a gaɓoɓi da yawa yadda ido ba zai kama ba. Sannan in aljihu ya yarda a nemi tsagar kwata, wadda ake yanka gungumen gida huɗu kafin a tsaga. Motsinta ta faɗi kusan rabin na tsagar talakawa ne, zarenta miƙaƙƙe, a farin oak har da wasu ɗigo-ɗigo masu sheƙi da ke fitowa in rana ta faɗo ta taga. Tana da tsada don gungume ba ya ba da ita da yawa.

Sauran aikin haƙuri ne, kuma a nan muke yawan samun saɓani da masu gida da ke son tarewa kafin biki ko kafin Sallah. Sabon siminti yana riƙe ruwa makonni da yawa ko da samansa ya yi fari fat. Muna manna leda a ƙasa da salatif ta kwana, in aka wayi gari ta yi gumi ta ciki ba a aiki. Katakon kuma mu buɗe kwalayensa a ɗakin da zai zauna, mu riƙa soka masa na'urar auna danshi har lambar ta daina sauka. Na fi son shimfiɗa wajen Oktoba zuwa farkon Nuwamba, bayan ruwa ya ɗauke kafin hunturu ya kankama, lokacin da katako ke tsaka-tsaki. A bar rata ta milimita 10 zuwa 15 a gindin bango ko'ina, a rufe da siket, wato siririn katakon da ake bin gindin bango da shi. Gara kuwa ba ta san sunan oak ba, ballantana filawud ɗin ƙasansa. In ba a yi wa ƙasar gida magani ba, kuma ba a like tsagogin siminti ba, ba na karɓar aikin.

Batun shafe gajere ne. Fanis mai sheƙi yana nuna kowace ƙura da kowane ƙarzanen yashi, mu kuwa yashi a takalmi yake shigo mana. Wanda ba ya ƙyalli ya fi rufa asiri, shafen mai kuma ana iya gyara gurbi ɗaya ba tare da an goge ɗaki duka ba, sai dai yana son a riƙa sabunta shi. Abu guda da nake jaddada wa uwargida: "Hajiya, don Allah kada a bar ƙarfe da ruwa su haɗu a kansa." Oak yana da sinadarin tanin, irin wanda ke cikin bagaruwar da majemanmu ke jima da ita, kuma in ya gamu da jiƙaƙƙen ƙarfe baƙi yake yi kamar tawada. Ƙafar gadon ƙarfe ko gindin bokiti a kan ƙasa mai laima ya isa ya bar zobe baƙi ƙirin. Tsintsiya mai laushi da tsumma matsattse su ne gyaransa.

A yi hattara kuma da abin da ake sayarwa da sunan oak alhali hoton oak ne aka buga a kan matsattsen garin katako ko roba. Ba laifi ba ne mutum ya saya in ya san abin da ya saya, na robar ma ya fi jure ruwa nesa ba kusa ba, shi nake ba da shawara a falon da baƙi ke cika. Laifin shi ne a karɓi kuɗin itace a ba da hoto. Ka jera fallaye goma a ƙasa, in ka ga kulli iri ɗaya ya maimaita kansa, hoto ne.

Sau da yawa nakan kawo wa mai gida zancen itatuwan yankinmu, ko da ba su ya zo nema ba. Itacen kawo ya fi oak tauri, motsinsa kaɗan ne sosai, gara ma ba ta cika son zuciyarsa ba, Turawa da kansu suna sayensa su yi daɓe. Loko ma motsinsa kaɗan ne, yana kuma jure ruwa. Matsalarmu da su ba ta itacen ba ce, ta busarwa ce: abin da ke isowa kasuwar katako galibi ɗanye ne ko shan iska, ba na tanda ba, kuma samun injin da zai fitar da harshe da ramin da fallaye ke sarƙewa da juna daidai wa daida sai an nema. In na samu busasshen kawo, nakan jera shi a sito da tsinke tsakanin fallaye ya ga hunturu ɗaya cikakke kafin in yi wa kowa alkawarinsa. Wanda ba zai iya jira ba kuma oak yake so, farin mai hawa-hawa nake rubuta masa, fuska milimita 4, faɗi kada ya wuce 125, a ɗakin kwana da ɗakin karatu kawai. Zaure da kicin da bakin bayi, tayil nake sa musu.