Layin da na goge a rahoton korona

Ƙarshen wannan wata zan miƙa makullin ofis, bayan shekarun da na yi a sashen ƙididdigar cututtuka. Ku da muka kwana a gaban kwamfuta tare a farkon korona kun san yadda aikin yake, ba sai na maimaita muku ba. Abu ɗaya nake so in ajiye kafin in tafi, wanda ya daɗe yana cina a rai.

Rahoton farko da aka sa ni haɗawa a 2020 tebur ne mai gida biyu, na waɗanda gwaji ya tabbatar sun kamu da na waɗanda suka rasu. Na raba na biyu da na farko, kaso ya fito, mai tayar da hankali. A ƙasan teburin na ƙara layi ɗaya, cewa wannan kason na waɗanda aka gwada ne kawai, ba na duk wanda ya kamu ba. Shugaban sashenmu ya karanta a tsaye, ya zaro jan biro ya zagaye layin.

"Malam, cire wannan. Manya lamba suke so, ba dogon turanci ba."

Na ce, "Yallaɓai, ai masu zazzaɓi da sarƙewar numfashi kaɗai muke gwadawa. Sauran fa?"

Ya ce sauran ba su zo ba, kuma ba a ƙirga wanda bai zo ba. Na koma kujerata na goge layin. Sunana ne a ƙasan rahoton, kuma da hannuna na goge, na san abin da nake yi.

Ga abin da layin yake karewa. A ce mutum 1,000 sun kamu, 100 kawai suka ji jiki har aka gwada su, 5 suka rasu. Wanda ya duba rajistar gwaji zai ce kashi 5 cikin 100 ne ke mutuwa, alhali a cikin duk masu ɗauke da cutar rabin kashi ɗaya ne. Gawa biyar ɗin ba ta canja ba, abin da aka raba ta da shi ne ya canja. Mutum 900 da ba su shiga rajista ba, wasu mura-mura suka yi ta wuce, wasu ko atishawa ba su yi ba, su ne suka ninka lambar sau goma saboda ba a gan su ba.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne mun san wannan tun a makaranta. Shan inna haka take: mafi yawan masu ɗauke da ƙwayar ba sa nuna wata alama, kusan ɗaya cikin 200 ne ke shanyewa har abada, shi ya sa yaro ɗaya da ya shanye yake tayar da hankalin hukumomi, don an san akwai ɗaruruwa a bayansa. Murar aladu ta 2009 ma ta firgita duniya da alƙaluman farko daga Meziko, da aka gane yawan waɗanda suka kamu ba tare da sun kwanta ba sai kason ya faɗi ƙasa warwas.

Kuma a waɗancan makonnin shaida tana ta shigowa. Ranar 3 ga Maris 2020 shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, Tedros Adhanom Ghebreyesus, ya ce kusan kashi 3.4 cikin 100 na waɗanda aka ba da rahoton sun kamu ne suka mutu. Shi bai yar da sharaɗin ba, ya ce waɗanda aka ba da rahotonsu, masu yaɗa zancen ne suka yar da shi a hanya kamar yadda na yar da nawa. Jirgin ruwan Diamond Princess da aka killace a Yokohama ta Japan a watan Fabrairu yana ɗauke da mutum 3,711, aka gwada kusan kowa, 712 suka fito da cutar, kuma kusan rabinsu ba su da wata alama a ranar da aka gwada su. Wasu sun fara ciwo daga baya, wasu har suka warke ba su san sun yi ba. A Vo', wani ƙaramin gari a arewacin Italiya, an gwada mafi yawan mazauna, sama da kashi 40 cikin 100 na masu cutar lafiyarsu ƙalau. Daga baya Sifaniya ta yi gwajin jini na ƙasa baki ɗaya, ta gano kusan kashi 5 cikin 100 na jama'arta sun riga sun kamu, adadin da ya ninka na rajista sau da yawa.

Da muka samu kayan gwaji muka fara bin waɗanda suka yi hulɗa da masu cutar, kasonmu ya yi ta sauka mako bayan mako. Jama'a suka rabu biyu, masu cewa ƙwayar ta yi sanyi da masu cewa da ma ƙarya muka shirga tun farko. Duka biyun ba daidai ba ne, amma mu muka ba su ƙofa. A taron da aka kira don jin bahasi, ina zaune a layin baya, shugaban namu ya ce yaran sashe ne suka yi gaggawar fitar da lamba ba tare da bayani ba. Bai dube ni ba. Ban tashi na yi magana ba, kuma har yau ban san wanne ya fi damuna ba, maganarsa ko shiruna.

Wani abokin aiki ya ɗauki darasin ya wuce gona da iri, ya koma cewa tunda masu ɗauke da ita a ɓoye suna da yawa, ai cutar ba komai ba ce. Wannan ma kuskure ne, har ya fi nawa haɗari. Mutumin da bai san yana da cuta ba shi ne ke shiga cikin jama'a yana rabawa, kuma ƙaramin kaso na miliyoyi ya fi babban kaso na ɗaruruwa cika makabarta. Sannan gidan mamatan a teburin ma yana da giɓi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 14.9 ne annobar ta yi sanadin mutuwarsu a 2020 da 2021, alhali na rajista kusan miliyan 5.4 ne.

Sauran darussan a gajarce suke. Wanda ya kamu yau, idan ajali ne, sai bayan mako biyu ko uku, don haka raba mamatan yau da masu kamuwar yau yana ɓoye haɗarin. Gwajin jinin da ke kuskure a mutum ɗaya cikin 100, idan aka yi shi inda ɗaya cikin 100 ne suka kamu, kusan rabin waɗanda ya ce suna da ita ba su da ita. Kaso ɗaya ga kowa da kowa kuwa ba ya gaya wa dattijo ɗan shekara 80 komai, don haɗarinsa ya ninka na matashi ɗaruruwan sau.

A fom ɗin da sashen ke amfani da shi yanzu, layin nan yana nan a ƙasan kowane tebur, na kulle shi yadda ba ya goguwa sai an buɗe ainihin fayil. Shugaban yana sa hannu a kansa duk mako, bai taɓa cewa uffan ba. Takardar farko mai zagayen jan biro kuwa tana cikin jakata, da ita zan fita.