Yau na ga sikila da idona

Shekara 11 muna jinyar ƙanena, amma sai yau a wani ɗakin gwaji a nan Gombe na ga abin da ke hana shi barci. Ma'aikaciyar ta haɗa madubin likita da kwamfuta, ta ce, "Malam, matso ka gani." Wasu ƙwayoyin jinin kamar kwabo, wasu sun lanƙwashe kamar lauje. Lanƙwasassun ne ke toshe ƙananan jijiyoyi, ƙashi ya ɗauki azaba. Duk daga canjin harafi ɗaya a ƙwayar gado, wato rubutun halittar da muke gada daga iyaye.

Wallahi jikina ya yi sanyi. A 2023 Ingila da Amurka sun amince da Casgevy, maganin sikila da ke sauya wata ƙwayar gado daban don jiki ya riƙa yin lafiyayyun ƙwayoyin jini, kuɗinsa ya haura dala miliyan 2. Allah ya nuna mana ranar da zai iso Gombe.