Wa ya faɗa, kuma a ina aka buga?

Ƙa'idar da ta fi ɓata wa sababbin editocin Wikipedia ta Hausa rai ita ce wadda ta ce kasancewar magana gaskiya bai isa a saka ta cikin maƙala ba, sai an nuna inda aka buga ta. Ina cikin masu goyon bayan wannan ƙa'ida, duk da cewa mu Hausawan Legas muna cikin waɗanda ta fi takura wa.

Kafin Wikipedia an yi wani kundin ilimi na intanet mai suna Nupedia a shekarar 2000, inda kowace maƙala sai ta bi matakai 7 na tantancewa a hannun masana kafin ta fito, kuma har aikin ya mutu maƙalolin da suka tsallake ba su kai 30 ba. Da Jimmy Wales da Larry Sanger suka buɗe Wikipedia a watan Janairu na 2001, sai aka juya tsarin: kowa ya rubuta, tantancewa ta biyo baya. Tun da mai tantancewar shi ma ɗan sa kai ne wanda ba a tambayi takardar shaidarsa ba, dole aka jingina aikin ga ƙa'idoji uku, wato kada marubuci ya ɗauki ɓangare, kada ya kawo binciken kansa, kuma duk maganar da za a iya musantawa ta zo da madogara. An ƙara tsananta lamarin a kan mutanen da ke raye bayan abin da ya faru a 2005, lokacin da wani ya ƙaga wa ɗan jaridar Amurka John Seigenthaler cewa an taɓa zarginsa da hannu a kisan shugaban Amurka John F. Kennedy, ƙaryar kuma ta yi wata 4 a shafinsa ba wanda ya lura.

To, a ɗauka wani matashi a Agege ya zauna da kakansa, dattijon ya lissafo masa waɗanda suka riƙe sarautar Hausawan unguwar da gidajen da suka fara saukar fataken goro, yaron ya rubuta maƙala mai kyau ya ɗora. Da editan da ke duba sababbin shafuka ya gangara sashen manazarta ya tarar babu komai, zai manna mata alamar rashin madogara, ko ma ya nemi a goge ta. Yaron zai ce an raina kakansa, kuma na fahimci zafinsa. Sai dai gobe jikan wani gida zai zo da nasa jerin sunayen, wanda ya sa kakansa a gaba, shi ma daga bakin dattijo ya ji. Editan da ke zaune a Kano ko Yamai ba shi da hanyar sanin wanda ya fi gaskiya, kuma abin da zai biyo baya shi ne wannan ya goge wancan ya mayar. Saboda irin wannan ja-in-ja ne Wikipedia ta Turanci ta hana mutum soke gyaran wasu fiye da sau 3 a shafi ɗaya cikin awa 24.

Kuma ba gaskiya ba ne a ce tarihinmu a nan bai shiga takarda ba. Rundunar Hausawa da Kyaftin John Glover ya kafa a Legas a 1863 tana cikin littattafai, haka ma isar layin dogo Kano a 1911, wanda ya sauƙaƙa wa fatake jigilar goro zuwa Arewa. Akwai ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Ibadan da Kaduna, akwai tsofaffin kofe na Daily Times da aka fara bugawa a 1926, da na Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939. Wahalar nema ce ke korar mutane. Abin da dattijo ya sani wanda ba a taɓa bugawa ba kuwa, hanyarsa ita ce ɗan jarida ko ɗalibin jami'a ya naɗe shi ya buga, sannan edita ya kafa hujja da bugun. Abin da nake roƙon masu tantancewa kawai shi ne kada su ɗauka madogara sai ta Turanci, domin rahoton Aminiya ko na BBC Hausa shi ma ya bi ta hannun edita.

Inda nake ganin sakaci ya fi yawa shi ne ɓangaren harshe. Sau da yawa za ka buɗe tarihin wata mace ka karanta “an haife ta”, jumla ta gaba kuma ta ce “ya yi karatu”, alamar na'ura ce ta fassara, mai ɗorawa kuma bai sake karantawa ba. Irin wannan maƙala takan zo da manazarta jingim da aka kwaso daga asalinta, don haka takan wuce ba tare da an tanka mata ba. A 2020 an gano cewa wani matashi ɗan Amurka wanda ba ya jin harshen Scots na ƙasar Scotland ya shafe shekaru yana rubuta dubban maƙaloli a Wikipedia ta wannan harshe, saboda masu harshen ba sa duba abin da ake ɗorawa.

Wikipedia ta Jamusanci tun 2008 take da tsarin da gyaran baƙo ba ya bayyana ga masu karatu sai gogaggen edita ya amince da shi. Ba mu da yawan hannuwan da za su ɗauki wannan a kowane shafi, amma za mu iya farawa da nau'i biyu: tarihin mutanen da ke raye da maƙalolin da aka fassara. Kowace daga cikinsu mutum na biyu ya karanta ta daga farko har ƙarshe, ya buɗe manazartan ya tabbatar sun faɗi abin da aka jingina musu, sannan ya rubuta sunansa da ranar da ya duba a shafin tattaunawa.