Ranar awon rumfar Inna

Yau Asabar, babu makaranta, kuma jiya da yamma kwasar adashinmu na malamai ta faɗo kaina, saboda haka da farin ciki na tashi. Tun rana ba ta leƙo kan katanga ba na share tsakar gida da kaina. Maman Ummi na bakin murhu tana tambaya ko baƙi za mu yi, na ce mata mai walda ne zai zo awo. Wata uku ke nan ina yi wa Inna alkawarin rumfa a ƙofar ɗakinta, kullum sai in ce ƙarshen wata.

Ƙarfe takwas ya iso da yaronsa da igiyar awo. Bai ma zauna ba ya fara zagaye. Mita huɗu ta nan, biyar ta can, ƙafa shida na bututun ƙarfe, a ɗora kwano, a zuba daɓen siminti a ƙasa, shi ke nan an huta. Ya ce kwano ba ruwansa da gara, ba ruwansa da tartsatsin murhu, kuma idan ruwan Agusta ya zo ba wanda zai kwashi tabarma da gudu. Na ce masa ai na san kwano, a ƙarƙashinsa nake koyarwa, daga ƙarfe sha ɗaya yara ba sa jin komai sai fifita da littafi. Ya yi dariya ya ce gaskiya ne, kuma abin da ya sa na ji daɗinsa ke nan, bai tsaya kare sana'arsa ba. Ya ce kwano yana tare hasken rana amma shi kansa yana shan zafin, sannan ya riƙa juye shi a kan wanda ke ƙasa, shi ya sa za ka ga mutum a inuwa amma tsakiyar kansa na ƙuna. Maganinsa a ɗaga shi sama sosai, fiye da mita uku, a bar gefe a buɗe iska na wucewa, a shafa wa bayansa farin fenti, in da hali kuma a shimfiɗa zana ta ƙasansa a bar ɗan fili tsakani. Sai dai kowane gyara da nasa ciwon. Idan ka ɗaga rumfa ka ba iska ƙofa, hadarin farkon damina da ke tasowa daga gabas da jar ƙura zai shiga ƙarƙashinta ya ɗaga, mun sha ganin kwanon mutane a gidan maƙwabta. Idan ka ɗaga ta kuma ranar la'asar za ta shigo ta gefe kamar ba a yi komai ba.

A nan ya nuna mini abin da ban taɓa lura da shi ba duk zamana a Agadas. Ya ce in duba inuwata da azahar a wannan watan na Mayu, a ƙarƙashin ƙafata take, rana a tsakiyar ka take tsayawa, don haka ko mayafi ka ɗaura a sama zai tare ta a wannan lokacin. Wadda ke wahalar da mutane ita ce ta bayan ƙarfe uku, da ta karkata yamma, ga ƙasa ta riga ta gasu tun safe. Ƙofar Inna kuwa yamma take kallo. Ya ce ko da zinare na rufa sama, in ban rataya asabari ta yamma ba na yi aikin banza.

Tamfol tun a tsaye muka watsar da shi. Yana riƙe zafi, yana wari, rana na cinye shi, iska kuma ta mai da shi tsumma. Koriyar ragar nan ta roba da masu sayar da kayan miya suka fara ɗaurawa ta fi shi, iska na ratsa ta, sai dai ƙura na zama a kanta ta yi ciki, kuma ita ma rana ba ta barinta ta tsufa.

Da ya faɗi kuɗin kwano da ƙarfe da siminti, adashin gaba ɗaya ya tafi har da ciko. Na ce ya ba ni zuwa Litinin.

Na hau babur na tafi kasuwa wajen masu tabarmi. Wata dattijuwa Ba'abziniya ta warware mini tabarmar kaba mai kauri, irin wadda suke rufa bukkarsu da ita, saƙar hannu daga ganyen goriba. Na shiga ƙarƙashin tata rumfar na tsuguna, wallahi sai na ji kamar an sauke mini kaya daga ka. Na ɗaga hannu na taɓa rufin, ɗumi kawai, ba irin na kwano da ba ka iya ɗora tafi ba. Ta ce a ninka biyu, a ɗaure da igiya sosai, da yamma a ɗan yayyafa ruwa. Ta nuna mini asabarin ciyawar afazo na tare gefe. Ba ta ɓoye mini aibinta ba: ruwa na ratsawa idan ya yi yawa, gara na so, wuta na so, bayan 'yan shekaru sai an sake. Zanar gamba ma akwai, daga kudu ake kawo ta, kuɗin mota ya hau kanta.

A hanyar dawowa na yi ta lissafi. Ruwan da ke sauka garin nan a shekara bai kai milimita 200 ba, yawancinsa a Yuli da Agusta, kwanakinsa a ƙirge suke. Zafi kuwa daga Maris har Oktoba. Me zai sa in yi rumfa saboda ruwan 'yan kwanaki, tsohuwa ta gasu wata takwas? Mutanen da suka gina tsohon gari da ƙasa da itacen goriba, suka tsuke lunguna don bango ya yi wa bango inuwa, sun san abin da suke yi. Hasumiyar babban masallaci, mita 27, da ƙasa da itace take tsaye har yau. Na iso gida na riga na yanke: ƙafafu na ƙarfe saboda gara da iska, rufi na kaba. Har waƙa nake yi a kan babur.

Kawu ya kira ina sauka. Da na gaya masa sai ya ce haba, mai albashi guda ya yi wa mahaifiyarsa rumfar kaba kamar a ƙauye, me mutane za su ce. Na ce to Kawu, za a duba.

Waya ta nuna zafi ya kai digiri 44. Wuta ta tafi tun ƙarfe ɗaya.

Bayan azahar na sami Inna a zaure, can take gudun hijira yanzu da tabarmarta da carbinta, Ummi na kwance a cinyarta ana shafa mata hoda a ƙurajen zafi. Na durƙusa na zayyana mata komai, kwano da kaba da raga, tsayi da faɗi, maganar ranar yamma, har da daɓen da mai walda ya ce a zuba. Na ce Inna ku za ku zauna a ciki, ku zaɓa. Kun san Inna ba ta kallona ta yi magana, ɗan fari ne ni, ko sunana ban taɓa ji a bakinta ba. Ta daɗe tana jan carbi. Can ta dafa kan Ummi ta ce, “Ki gaya wa babanki kada ya wahalar da kansa, duk wadda ya yi ta yi, Allah ya yi albarka. Abu ɗaya nake roƙo, kada a zuba siminti a kan kututturen nan.”

Na ce to. Na tashi na fito tsakar gida cikin ranar nan, na je na tsaya a kansa. Ƙasar da ke kewaye da shi a jiƙe take. Ga butarta a gefe. Yaron mai walda ya ja layi da sanda da safe, layin ya bi ta tsakiyar kututturen, nan ƙafa ta huɗu za ta zauna, kuma ina tsaye aka ja shi ban ce komai ba, don ni a idona wurin fili ne kawai.

Waɗanda suka daɗe da sanina sun san itacen dogon yaron gidanmu, ya sha fitowa a hotunan sallah. Abin da ban taɓa rubutawa ba shi ne yadda ya tafi. Baba ne ya dasa shi a 2009, shekarar da ƙoramar Telwa ta yi ambaliya cikin azumi ta rusa gidaje, namu na ciki. Da muka dawo wannan filin babu ko tsinke, ɗaki biyu da katangar zana. Baba ya zo da ɗan dashe a cikin gwangwani, bai kai kamu biyu ba, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Ruwa sai an saya a lokacin, don haka ya kafa doka, duk mai alwala a gindinsa zai yi. Sau biyar a rana, mu bakwai. Da ruwan alwala aka raini bishiyar nan har ta rufe rabin tsakar gida. A ƙarƙashinta aka ɗaura mini aure, a ƙarƙashinta aka yi zaman makokin Baba.

A watan Disamba na sa aka sare ta. Saiwa ta tsaga bangon ɗakinmu, ta kuma fara taɓa salga, magini ya ce in ba a cire ba ɗakin zai bi. Inna na Damagaram wajen haihuwar matar Auta. Ban kira ta ba. Na gaya wa kaina ba na son in tayar mata da hankali a gidan mutane, amma gaskiyar ita ce na san za ta ce a'a, ni kuma ba zan iya tsallake a'arta ba, sai na zaɓi kada in ji. Daga baya wani abokin aikina ya ce ai da an haƙa rami ta gefen bango an datse saiwar da ta yi can, an rage rassa, da an zauna lafiya. Ban tambayi kowa ba kafin nan. Lokacin hunturu ne, kowa na neman rana ya sha hantsi, inuwa ba ta da daraja a idona.

Da ta dawo ta tsaya a bakin zaure da jakarta a hannu, ta dubi sama inda ganye yake a da, ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta shige ɗaki. Daga ranar har yau ba ta sake tayar da maganar ba, ni kuma na ɗauki shirun a matsayin an wuce wurin.

Duk bayanin da na sha yau na kwano da kaba, babu wanda ya kai abin da na sare. Ganye ba ya gasuwa kamar ƙarfe, ruwan da saiwa ta jawo daga ƙasa yana fita ta jikinsa ya sanyaya iskar wurin, yadda randa ke sanyaya ruwa da zufar jikinta. Kuma ba mu kaɗai take yi wa inuwa ba, har bangon ɗakin Inna da ƙasar tsakar gida. Yanzu bangon nan yana shan rana daga azahar zuwa magariba, da dare ya riƙa amayar da zafin cikin ɗakin. Shi ya sa ta daina kwana ciki tun Afrilu. Na ga duk wannan, na ce zafin bana ne ya yi yawa.

Akwai kuma abin da Inna ba ta sani ba, shi ne ya hana ni cin abincin rana. Dogon yaro idan an sare shi yana sake tohowa daga kututture, kowa ya san haka, ita ma ta sani, shi ya sa take alwala a wurin. Ni ma na sani. Saboda haka ranar da aka sare na sa aka sassara kan kututturen da gatari, na zuba gishiri da baƙin mai, na rufe da ƙasa na kwana biyu. Wata biyar ke nan tana tsugunawa a wurin sau biyar a rana.

Takardun yara na nan a jaka ban taɓa ko ɗaya ba. Wuta ta dawo bayan la'asar ta sake tafiya. Ummi ta ƙi cin tuwo, sai kankana.

Da magariba na kira mai walda na ce a matsar da rumfar ta koma kudu da taku biyu, ƙafa biyar ko shida duk yadda ya ga za ta tsaya, babu daɓe, yashi za mu zuba. Ya ce to kwanon fa, na ce kaba. Ya ce gefen arewa na ƙofar zai sha rana kaɗan ke nan, na ce na sani, zan ƙara asabari. Na goge layin da ƙafata.

Maman Ummi ta san maganar gishirin, ita ta miƙo mini shi a ranar. Da muka shimfiɗa tabarmi a waje ta ce in gaya wa Inna, in ya so a haƙe wurin a canza ƙasa a samo wani dashen, a dasa nesa da bango. Ta ce barinta tana jira ya fi faɗar muni. Na san gaskiya ta faɗa.

Bayan isha na tashi na je inda Inna ta shimfiɗa tata, kusa da kututturen. Na durƙusa. Ta daina jan carbi tana saurare. Na ce Inna, Litinin za a fara aikin, kuma ba za a taɓa wurin ba. Ta ce madalla. Na ƙara jimawa a durƙushe, sannan na ce sai da safe. Ta ce Allah ya tashe mu lafiya.

Ƙarfe sha biyu saura yanzu, bango bai huce ba.