Daga Danmak: amsar masu tambayar ciwon ƙirjina

Assalamu alaikum 'yan uwa na Garwa da Marwa har Kuseri, Baffa da Gwaggo ku gafarce ni gaisuwar yau a gurguje take. Tunda labari ya iso gida cewa an kai ni asibiti wayata bata huta ba, kowa tambayarsa ɗaya, wai zuciya ce? wasu har sun fara cewa jifa ne. Shi yasa nace bari in rubuta kowa ya karanta, in taɓo maganar aiki da sanyi ma da kuke ta tambaya.

Ba zuciya bace alhamdulillahi. Ana ce mata cutar Bornholm, sunan wani tsibiri ne na nan ƙasar inda wani likitansu Ejnar Sylvest ya ga tana kama mutane, ya yi rubutu a kanta a 1933. Ƙwayar bairos ce mai suna Coxsackie B, naman da ke tsakanin haƙarƙari take kamawa. Kana zaune lafiya lau sai kaji kamar an caka maka wuƙa a gefen ƙirji, in ka ja numfashi ya ƙaru, in kayi tari ko ka juya ya ƙaru, sai ka koma numfashi sama sama gumi na keto maka. Bayan minti 15 zuwa 30 ya sake ka, ka ɗauka ya tafi, sai ya dawo, ga zazzaɓi ga ciwon kai. Yara su yawanci a saman ciki suke jin shi.

Abin da ya ɗaure min kai shine asibitin nan. Da farko sai ka buga waya kafin kaje, sai dai in abin ya yi tsanani ka kira 112, sannan akwai wani katin lafiya ruwan ɗorawa mai lambarka, komai a kansa yake, kana riƙe da ƙirji kana laluben kati a aljihu. Amma da na shiga ba wanda ya bani ko ƙwaya ɗaya sai da suka manna min wayoyi a ƙirji suka auna bugun zuciya, suka ɗebi jini, suka ɗauki hoton huhu. Bayan duk wannan parasitamol da ibuprofen kawai aka bani, aka ce in huta in riƙa gasa wurin da ruwan ɗumi. Nace ina allura, ina antibayotik? Likitar tace antibayotik baya kashe bairos, jiki ne ke yaƙinsa, yawanci cikin mako guda ya wuce ko da yake yana iya ɗan dawowa. A nan ko ka tara kuɗi ba mai sayar maka da amoksisilin sai da takardar likita, mu kuwa a tire ake tallansa bakin kasuwa cikin ranar Garwa.

Awon da suka yi yana da dalili, ita wannan ƙwayar bairos ɗin wani lokaci tana kumbura naman zuciya, kuma ciwon zuciya na gaske da nimoniya da tarin fuka duk suna iya farawa da ciwon ƙirji. Don Allah wanda ƙirji ya soke shi haka kawai, musamman da haki ko jiri, a kai shi asibiti ranar, kada a tsaya gwajin magani. Yaro mai zazzaɓi kuma kada a bashi asfirin.

Ta bayan gida take yaɗuwa, daga hannu zuwa baki, kuma babu rigakafinta. Buta kaɗai bata isa ba sai da sabulu, bare bayan an wanke wa yaro kashi. Kwanon nan ɗaya da kowa ke tsoma hannu kafin tuwo, Gwaggo a daure a riƙa zuba wa mutum ruwan daga sama. Jarirai sabbin haihuwa tafi yi wa illa, ranar suna mai zazzaɓi ya haƙura da ɗaukar jinjiri.

Aiki na koma. Sanyi kuwa ba'a magana, a Disamba kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi. Hamma maganar bizar ka sai wasiƙa ta gaba insha Allah.